Gidan ƙasar da na rantse ba zan kwana a cikinsa ba

Ranar da Malam ya fara kai ni ganin gidan nan ko tsakar gida ban ƙarasa ba. A soro na ja na tsaya, warin jemage da na rima suka dake ni, na ɗaga kai naga azara tayi baƙi ƙirin da hayaƙin shekara da shekaru, ga yana ta ko ina har tana taɓa min mayafi. Nace Malam nan ne inda kake cewa zamu dawo? Yace nan ne. Nace wallahi tallahi ba zan kwana a gidan nan ba. Bai ce min komai ba, ya ja ƙyauren ya sa kwaɗo muka hau babur muka tafi. Wata huɗu bayan nan sai da na dafa shinkafa da wake na ciyar da almajirai goma kaffarar wannan rantsuwa, kuma shi ya siyo min shinkafar yana ta ƙunshe dariya.

A 2016 akai aurenmu, muna haya ciki da falo a Kurna, shi yana koyarwa a makarantar sakandare da yamma kuma yayi lesin, ni ina ɗan ɗinki a gida da zoɓo da kunun aya da nake ƙullawa yara su kai shago. Ba mu da yawa amma muna rufa wa kanmu asiri, matsalar dai duk shekara in lokacin biyan haya ya zo sai mai gida ya ƙara wani abu, kuma daga ranar Malam baya ƙara yin bacci mai kyau sai an biya. A 2019 Allah yai wa Baba, mahaifinsa, rasuwa. Da aka zo rabon gado gida biyu ne, wanda Hajiya take ciki a sabuwar unguwa, da kuma tsohon gidan kakansu na cikin birni can wajen Dala, wanda an fi shekara takwas da rufe shi tun da tsohuwar da ke ciki ta rasu. Kowa yace a saida a raba kuɗin. Dillalai ma har sun fara zarya, kuma duk wanda ya zo abu ɗaya yake faɗa, filin muke siya ba ginin ba. Malam ne yace a yi masa kuɗi a ba shi a rabonsa, abin da ya haura ya dinga biyan ƙannensa mata biyu ciko a hankali. Suka yarda, Allah ya saka musu da alheri, dan sai da ya shekara biyu yana biya ba wadda ta taɓa ɗaga masa murya.

Gidan soro ne a gaba, sai tsakar gida mai ɗan faɗi da rijiya, shigifa biyu a jere, ɗaki ɗaya da rufinsa ya riga ya rufta, masai a can lungu, sai wani babban ɗaki wanda shine turakar kakansu mai rufin daurin guga. Katangar kaurinta in ka miƙa hannu daga ciki da ƙyar yatsunka su kai waje. Lungun kuwa ko adaidaita sahu bata shiga, daga titi sai dai ka taka ko ka hau babur kana kaucewa kwata.

Ni shawarata ɗaya ce a lokacin, a rushe a yi na bulo. Malam bai musa min ba, ya kira wani mai zane da lissafin gini ya zo ya auna ya rubuto mana takarda. Da muka raba jimlar da albashinsa sai muka ga ko ba za mu ci ba za mu sha ba sai mun yi shekaru muna tarawa. Na ninke takardar na sa ƙarƙashin katifa. A daren ya ɗauko littafin 'yan makaranta mai shafi sittin ya rubuta a bangon "Gyaran gida", yace to uwargida tunda rushewa ta gagara sai lallaɓawa.

A watan Janairun 2020 muka tare, tsakiyar hunturu. Abin da mukai kafin nan bai wuce shara ba, kwana uku ana fitar da ƙura da kashin jemage a baro, aka fesa fiya-fiya, aka shafe shigifa ɗaya da farar ƙasa muka shimfiɗa leda. Gadona na aure bai shiga ƙofar ba sai da kafinta ya warware shi gaba ɗaya, wadirof kuwa ko ta wane gefe aka juya ta ƙi, aka maida ta gidan Ummata, daga baya ma na saida ta kuɗin ya tafi a katako. Daren farko na kwanta ina jiran sanyi ya kashe ni da yarinya sai naji ɗakin ɗumi kamar an hura gawayi. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo kuma, lokacin da a gidan haya muke kwana a waje muna fifita, nan in ka shiga ɗaki da azahar kamar ka sa hannu a randa. Na lura sarai amma ban faɗa masa ba, dan kar yaji daɗi.

Sai ga kullen korona a watan Afrilu, ga azumi ya shigo a ciki. An rufe makarantu, lesin ya tsaya, ba mai kawo ɗinki. Kuɗin aiki babu, sai lokaci kamar a bayar da sadaka. Shine muka fuskanci ɗakin da ya rufta, bayan asuba kafin rana tayi zafi shi yana haƙa da shebur ni ina kwashewa a kwanon sarki ina tarawa gefe, azarar da bata ruɓe ba mu jingine ta daban. A cikin ƙasar nan muka tsinci abubuwa, kwabo da anini masu huji a tsakiya na zamanin Turawa, kurtun tawada ya bushe, guntun allo, da wata 'yar tasa duk ta yi kore. Na wanke tasar da toka da lemon tsami har ta fito. Da aka sassauta kulle muka je gaida Hajiya na tafi da ita a jaka, ina fito da ita Hajiya ta karɓa ta juya gindinta ta nuna min wata 'yar alama da aka ƙwarzana da ƙusa, tace wannan cikin jerenta take, da ita aka kawo ta gidan tana amarya, kuma ta neme ta har ta zargi wata 'yar aiki. Ta daɗe tana riƙe da ita bata ce komai ba. Daga ranar ta fara kirana a waya tana tambaya ina aka kwana a aikin.

Damina ce ta nuna mana ainihin gidan da muka shiga. Rufin ƙasa in ba a bi shi da yaɓe duk shekara kafin ruwa ba to ya zama rariya, wannan kuwa shekara takwas ba wanda ya hau kansa, indararo duk sun toshe har ciyawa ta fito. Cikin watan Agusta akai ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Duk wani abu mai zurfi a gidan nan sai da ya shiga aiki, bokitai, bawo, tukunyar tuwo, har kular da aka bani gudunmawar biki, kowanne da irin ƙararsa, wannan yace ɗis wancan yace tal, in ka fara gyangyaɗi sai wani ya cika. Dare na uku wani ɓangaren ƙasa ya ɓanɓaro daga sama ya faɗo kan gidan sauron yarinya, Allah ya tsare tana jikina a lokacin. Gari na wayewa na goya ta na ɗau jaka, Malam yana cewa ki tsaya ki ji, nace naji ya isa. Na tafi gida. Umma ta bar ni na ci na yi bacci na kwana biyu, a na uku tace to ke da kika taho, wa yake zubar masa da bokitan? Nace Umma gidan fa zai iya faɗo mana. Tace shi da kika baro a ciki ba mutum bane? Ki koma ku kwana a soro in ɗakin ne abin tsoro. Na koma na same shi ya ɗaure tamfol a sama, idonsa yayi jajur, kuma mura ta kama shi. A soron muka ƙarasa daminar.

Shi yasa aikin farko na kuɗi da mukai rufi ne, a ranin 2021. Na ɗau adashina, shi kuma ya haɗa da kuɗin ragon da muka kiwata a kangon ɗakin nan, dan tun daga lokacin muka mai da shi garke, duk shekara mu sai ɗan tinkiya mu yi kiwo mu saida gab da layya. Ya je Na'ibawa 'yan katako ya siyo tubaitu da tubaifo, muka zauna ni da shi da tsumma a bakin sanda muka shafe su tas da baƙin mai saboda gara, sati guda hannuna yana wari. Kwano bandir uku. Ni na so a kwashe rufin ƙasar gaba ɗaya a yi kwano da silin kamar gidan kowa, kuɗin ne bai kai ba, sai aka ɗora kwanon a saman rufin ƙasar aka bar azara a inda take. Yanzu in ana ruwa ko ƙararsa ba ma ji sosai, zafin kwano kuma baya sauko mana. Kafintan dai ya wahalar damu, ya karɓi kuɗin ƙusa da rabin kuɗin aiki ya ɓace kwana goma sha ɗaya gefe ɗaya a buɗe, wayarsa kullum a kashe, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Sai da Malam ya gano majalisar da yake zama ya je ya zauna kusa da shi ba faɗa ba zagi har akai magariba, washegari da sassafe sai gashi da guduma.

Shima Malam yana da nasa. A wannan shekarar ya kamu da ciwon Ƙofar Ruwa. Duk Asabar sai ya tafi wajen masu saida kayan da aka ciro daga gidajen da aka rushe, ya dawo da abu a bayan babur yana murna, yau marfin taga, gobe kan famfo, jibi wasu ƙarafa da shi kansa bai san me za ai dasu ba, wai araha ce. Gaskiya tagogi biyun da ke shigifa daga can suke kuma sunyi kyau. Amma akwai wata ƙofar ƙarfe da ya siyo ba tare da ya auna ba, mutum huɗu suka shigo da ita lungu, aka zo sakawa ta fi ramin da kusan taƙi guda. Sama da shekara biyu tayi a jingine a soro, duk wanda ya shigo sai ya buge ƙafa, ni kuma duk faɗan da za mu yi, ko akan gishiri ne, sai na kawo maganar ƙofar nan.

To nawa kuskuren ya fi nasa tsada, kuma saboda shi nake wannan dogon rubutun.

Ƙarshen 2021 ina da tsohon ciki na biyu. Wata 'yar uwa ta zo duba ni, ta tsaya a tsakar gida tana kallon katanga, ta taɓe baki tace ikon Allah, har yanzu a kangon kuke, a nan za ai taron sunan? Da wasa ta faɗa amma maganar ta zauna min a wuya. Na tada ballin sai an yi filastar siminti an yi fenti kafin na haihu. Malam yace a bari tukunna akwai abin da ya fi wannan, masai ma ya kusa gajiya. Nace kuɗina ne. Na ciro ɗan kunne da zoben gwal ɗin da Abbana ya sai min lokacin aure na bayar aka saida. Lokacin da muka tare buhun siminti bai kai dubu uku ba, a wannan lokacin ya doshi dubu huɗu, na sai buhu ashirin da biyu. Yashi kuwa tifa a bakin titi take juyewa, daga nan sai 'yan baro, abin da ya kwana a titi kuma da safe sai ka ga ya rage, kowa a unguwa ya tuna yana da ɗan gurbin da zai toshe. Wani matashin magini yazo ya bubbuga ƙusoshi a jikin katangar ya ɗaura waya ya watsa siminti ya goge, ciki da waje, aka bi da fenti ruwan madara. Ranar suna gidan nan kamar ba shi ba. 'Yar uwar nan da bakinta tace kai, ashe gidan babba ne. Na ji daɗi har raina, ba zan ɓoye ba.

Wata takwas daɗin yayi. Da daminar 2022 ta kankama sai naga fentin yana kumbura daga ƙasa kamar ƙuna, wani farin gari yana fitowa, in ka ƙwanƙwasa bangon sai kaji yana amsawa kamar ganga. Wani dare wajen ƙarfe biyu muka ji rugum, muka fito da fitilar waya, filastar katangar tsakar gida ce faɗin tabarma biyu ta saki gaba ɗaya ta kife a daidai inda yarinya take zama da 'yar tsanarta kullum da yamma. Ta farfasa randa ta danne akurkin kaji. Na sa hannu a bangon da ya bayyana, yatsana ya nutse kamar a kwaɓin fulawa, ga gara fari fat tana ta gudu. Na zauna a dokin ƙofa ina ta innalillahi, ba kuɗin nake tunawa ba a lokacin, awa takwas kawai nake lissafawa tsakanin wasanta da faɗuwar. Malam bai ce ai na faɗa miki ba. Sau ɗaya ya taɓa faɗa, shima bayan shekara, ranar da na sake ɗauko zancen ƙofa.

Limamin masallacin lungunmu ne ya haɗa mu da wani tsoho, Baba magini muke ce masa, gadon gini yayi iyaye da kakanni, yanzu ƙarfi ya ƙare sai dai ya tsaya ya nuna yara su yi. Ya shigo da sandarsa yana bin bango yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne kamar likita, bai yi magana ba har ya zagaye gidan. Sai yace wa ya sa akai wannan? Malam yace mu ne Baba. Nace a'a Baba ni ce. Ya kalle ni yace 'yar nan, ƙasa numfashi take. In ta sha ruwa da damina rana ta fito sai ta fitar, ke kuma kin sa mata rigar leda kin ɗaure wuya, ruwan ya shiga ta ƙasa ya rasa ta inda zai fita. Ya kai mu ya nuna mana inda ruwan yake shiga, ashe kwanon da muka yi murna da shi bakinsa gajere ne, duk ruwan sama a gindin katanga yake zubewa, ga kwatar maƙwabta tana bin jikin bangon ta baya, ga kanwar da ke cin gindin gini a cikin birni dama tun fil azal. Yace da kun kira ni da kuɗin buhu biyar na raba ku da wannan.

A bakinsa na fara jin sunayen abubuwan da nake kwana a cikinsu ban sani ba. Yace katangar tubali ce, irin wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, ana jera shi ana bin sa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Azara daga giginya ake tsaga ta, shi yasa gara bata cika damunta ba, amma bata da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, dole sai an ɗaure ta baka-baka an haɗe a sama, wannan shine daurin gugar da ke turaka. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta a haɗa da ƙasa a shafe bango ruwa ya dinga zamewa. A da kuma rufi da laso ake shafe shi, katsin da ake kwasowa daga marina a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da dafara, yace in an yi shi da kyau sai ya shekara da shekaru, amma yanzu masu haɗa shi sun ƙare, ko marinar Ƙofar Mata ba kamar da ba. Ni dai ina tsaye ina jinsa ina tuna gwal ɗina.

Aikin da ya tsara mana ba mai kyan gani bane ko kaɗan. Aka ɓanɓare duk filastar da ta rage a waje, da hannunmu muka yi yawanci, ina ɓanɓara ina jin kamar fatata ce. Aka bar bangon ya sha iskar hunturu wata uku. Aka ƙara wa kwano baki aka sa gota da fayif ya kai ruwan har rariya. Gindin katangar aka tokare shi da dutse aka yi dakali mai ɗan gangare ya zagaye, nan kam ya yarda a sa siminti. Sannan masu jakai suka fara shigo da jar ƙasa a mangala, dan jaki shine tifar lungunmu, aka jiƙa ta da ciyawa aka tattake aka rufe ta kwanaki har ta fara wari, sannan akai yaɓe aka bi da makuba. Cikin ɗakuna ni na shafe su da farar ƙasa da tsintsiya, da daddare in yara sun yi bacci. Hajiya da ta zo ta same ni fuska duk fari ta dinga dariya, tace su a zamaninsu daɓen ɗaki ma mata ke yi, a taru da madaɓi ana bugawa ana waƙa har a gama.

Ana cikin wannan aikin ne akai canjin kuɗi, farkon 2023, takardar naira ta zama kamar zinare. Mai jaki bashi da asusun banki balle a ce tiransifa, leburori ma haka, Malam sai ya wuni a layin POS ya dawo da dubu biyar bayan an cire masa lada mai tsoka. Sai na koma biyan wasu da abinci, mudun gero, mudun shinkafa, kullum kuma na ɗora tukunyar ɗanwake ko dambu da rana. Mai jakin nan har yau in ya gan ni a hanya sai yace Hajiya yaushe za a koma canjin kuɗi. Muna fita daga wannan aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, komai da ake ɗaukowa a mota ya tashi, littafin Malam duk lissafin da ke ciki ya zama tarihi.

Banɗaki ne ya fi cin lokaci. Tsohon masan bakinsa ya fara zaftarewa har na hana yara zuwa su kaɗai. Shi kam Baba yace a yi shi da bulo da siminti, inda ake zubar da ruwa kullum ba wurin ƙasa bane. Muka ce to bari mu dinga siyan siminti buhu ɗai-ɗai duk wata muna ajiyewa. Wani kuskuren kenan, mun jera su a soro a ƙasa, da aka zo aiki huɗu daga cikin tara sun daskare sun zama dutse, kuma a daidai watan Fabrairun 2024 da buhu ya haura dubu goma. Ɗaya daga cikinsu har yanzu yana nan, a kansa nake zama in ina wanke-wanke. Daga nan muka gane abin da ake tarawa, bulo da rodi da fayif, su basa lalacewa, siminti kuwa sai ranar aiki. Sokawe kuma gidan ba shi da faɗin da za a nisanta shi da rijiya yadda ya kamata, dole muka haƙura da shan ruwanta, wanki da wanke tsakar gida kawai, na sha sai 'yan garuwa. Tayil sabo ya fi ƙarfinmu, Malam ya samo fasassu a buhu kala-kala, na zauna dare uku ina jera su a ƙasa kamar mai haɗa ɗinki kafin mai sakawa ya zo. Kuma a bakin banɗakin nan ƙofar ƙarfen Malam ta samu gurbi, dan wannan karon ramin aka gina daidai da ita. Ranar sai da ya kira ni na zo na gani, ya buɗe ya rufe ya fi sau biyar yana kallona.

Turakar kaka ita muka bari ƙarshe, da nufin in an samu kuɗi a rufe saman da silin roba. Kuɗin basu samu ba har Baba magini ya sa jikansa ya hau ya kankare baƙin hayaƙin, ya cike tsagar da ke gefe, muka shafe da fari. Da na shiga da safe rana ta shigo ta 'yar tagar sama sai na ga bakunan nan sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiya, an kafa wata 'yar tasa a daidai mahaɗar, duk shekarun nan tana wajen baƙi ya rufe ta. Irin rufin da muke zuwa kallo a Gidan Makama muna 'yan makaranta. Yanzu nan ne falonmu, kujeru uku da dadduma, alkukin da ake ajiye fitilar aci-bal-bal a da nan nake sa cajar waya. Bara muka sa fanel ɗin sola ɗaya da batir ɗaya, ƙwai huɗu da fanka, fankar ma sai baƙi sun zo muke kunnawa. Wasu ɗaliban jami'a masu karatun zanen gini sun taɓa yin sallama suka roƙi a barsu su auna su ɗau hoto, na basu zoɓo. Dillali ma ya dawo kwanaki da maganarsa ta filin muke siya, ni na amsa masa daga bayan ƙyaure tun kafin Malam ya sako takalmi.

Har yanzu kicin labule ne a bakinsa ba ƙofa, tsakar gida rabi siminti rabi turɓaya, ɗakin da ya rufta yana nan a garkensa da rago a ciki, yara kuma sun girma sun fara buƙatar ɗakinsu. Muna littafi na uku. Baba magini ƙafa ta matsa masa baya fita sosai, amma ya aiko jikan nasa shekaranjiya ya hau sama ya duba, yace bangon yamma yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka. Na kira mai jaki, mangala shida zai kawo ranar Asabar.